Jan ƙarfe a cikin jini: yadda magani ke ƙwace shi daga furotin, da wanda ke buƙatar maganin

A kowace lita ta jinin mutum mai lafiya akwai kusan miligiram ɗaya na jan ƙarfe, irin ƙarfen da 'yan gwangwan ke ƙona wayoyin lantarki domin su fitar da shi su sayar. Jikin baligi gaba ɗaya yana riƙe da kimanin miligiram 100, kuma ba ya iya rayuwa sai da shi. Da shi ake sarrafa sinadarin ƙarfen da ke gina jini, da shi jijiyoyi ke aiki, har launin fata da na gashi yana da hannu a ciki. Abin da baligi ke buƙata a rana bai kai miligiram ɗaya ba, kuma wake da gyaɗa da hanta da koko suna kawo fiye da haka. Hanta ce ke tsare ma'auni: ta ɗauki abin da jiki ke so, rarar kuma ta zuba ta cikin ruwan madaciya, ta fita da bayan gida.

Idan wannan hanya ta toshe, ko mutum ya haɗiyi ƙarfen da yawa a lokaci ɗaya, likita yana komawa ga wani rukunin magunguna masu damƙe ƙarfe. A takardun asibitin Ghana da Najeriya za a ga an rubuta chelation, a Nijar da Togo da Burkina Faso kuma chélation, kuma da harafin k ake furta farkon kalmar. Masana kimiyyar sinadarai biyu na Ingila, Morgan da Drew, su ne suka ƙirƙiro ta a 1920 daga kalmar Girkanci mai nufin hannun ƙaguwa. Bahaushe zai fi gane abin da awartakin maƙeri: ƙarfe ɗaya, an kama shi ta gefe biyu ko fiye, ba ya da hanyar zamewa.

Maganar ta shafi mazauna Zangon Accra, ko Ankara kamar yadda dattawan Nima da Maamobi ke kiran birnin, ta fuskoki da dama. Akwai cutar gado da ke tara jan ƙarfe a hanta, wadda sau da yawa ake ɗauka shawara ce ko taɓin iskoki. Akwai masu sana'ar ƙona waya da fasa batir. Akwai kuma masu tallan maganin "wanke jini" da ke aron sunan wannan ilimi.

Masu dakon jan ƙarfe a cikin jini

Jan ƙarfe ba ya yawo shi kaɗai a jini, domin idan yana sake yana haddasa sinadarai masu cin tantanin ƙwayoyin jiki. Kullum yana hannun wani furotin. Babban cikinsu shi ne seruloplasmin, wanda Holmberg da Laurell suka bayyana a Suwidin a 1948. Sunan yana nufin shuɗin abu na ruwan jini, domin idan aka tace shi shuɗi ne. Hanta ce ke ƙera shi, kuma tun a wurin ƙira take dasa ƙwayoyin jan ƙarfe shida a can cikinsa. Wannan ƙarfe ya zama ɓangaren gini, kamar rodi a cikin kankare. Tsofaffin littattafan likitanci suna cewa kashi 90 zuwa 95 cikin ɗari na jan ƙarfen ruwan jini yana nan. Wani bincike da aka wallafa a 2020 daga jami'ar fasaha ta Tallinn, a ƙasar Estoniya, ya samu kusan kashi uku cikin huɗu. Ko ma wane lissafi aka ɗauka, mafi yawan ƙarfen a kulle yake, kuma magungunan da ake bai wa marasa lafiya kusan ba sa taɓa shi.

Na biyu shi ne albumin, furotin da ya fi kowane yawa a ruwan jini, giram 35 zuwa 50 a lita. A ɗaya ƙarshensa akwai wani gurbi da ke riƙe jan ƙarfe da ƙwayoyin naitirojin huɗu. Riƙon yana da ƙarfi, amma na ɗan dako ne: ya karɓa daga hanji, ya kai hanta, ya sauke, ya koma. Wani ɗan ƙaramin kaso kuma yana tare da ƙananan sinadarai irin su histidin, waɗanda ke miƙa ƙarfen daga hannu zuwa hannu. Wannan kaso da ke hannun albumin da ƙananan sinadarai shi likitoci ke kira jan ƙarfe mai musanya, ko sakakke. Shi ne ke ƙaruwa idan hanta ta cika ta tumbatsa, shi ne ke isa ƙwaƙwalwa da ido da ƙoda, kuma a kansa ne magani ke kokawa.

Yadda ƙwacen ke faruwa

Abin duk ya ta'allaƙa ne a kan wanda ya fi ƙarfin riƙo. Ƙwayar jan ƙarfe da ke jikin albumin ba ta zaune daram. Tana sakewa tana komawa. Idan akwai wani sinadari a kusa da ya fi albumin iya riƙo, a hankali ƙarfen yana komawa hannunsa. Abin da ke bai wa mai damƙe ƙarfe rinjaye shi ne yawan wuraren kamu a jiki ɗaya. Idan hannu ɗaya ya saki, sauran suna riƙe, kafin ƙarfen ya kuɓuce na farkon ya sake kamawa. Sinadari mai hannu ɗaya da ya saki shi ke nan.

Maganin trientine shi ne misali mafi sauƙi. Siririn sinadari ne mai naitirojin huɗu a jere, yana naɗe ƙwayar jan ƙarfe kamar ɗamara. Yana amfani da irin makamin da albumin ke amfani da shi, kuma yana iya cin nasara a kansa. Bibudhendra Sarkar da abokan aikinsa a Toronto sun nuna a shekarun 1970 cewa trientine yana karɓe jan ƙarfe daga albumin kai tsaye, alhali penicillamine, wanda ya riga shi fitowa kuma ya fi shi shahara, ba ya iya hakan sosai a cikin kwalbar gwaji.

To ta yaya penicillamine ke cika fitsari da jan ƙarfe? Dabararsa daban ce. Yana ɗauke da sulfa, kuma sulfar tana canza yanayin ƙarfen daga mai caji biyu zuwa mai caji ɗaya. Gurbin furotin da aka yi domin mai caji biyu bai dace da sabon yanayin ba, sai riƙon ya yi sako-sako, maganin ya ɗauke. Yawancin aikinsa a cikin nama yake yi, musamman a hanta, inda yake taso da ƙarfen da ya kwanta. Wannan taso da ƙarfe shi ne amfaninsa, shi ne kuma hatsarinsa, kamar yadda za a gani nan gaba.

Bayan kamu sai fita, kuma a nan girman jiki ne ke aiki. Ƙoda matata ce mai ƙananan ramuka. Albumin ba ya wucewa ta cikinta, domin da yana wucewa da furotin ɗin mutum ya ƙare a fitsari. Penicillamine kuwa ya fi albumin ƙanƙanta fiye da sau 400. Ƙarfen da ke kan albumin yana zagaya jiki ba mafita, amma da zarar ya koma kan magani sai ya bi fitsari.

Wani lissafi mai sauƙi yana nuna dalilin da ya sa maganin ke ɗaukar lokaci. Duk ruwan jinin baligi bai riƙe fiye da 'yan miligiram kaɗan na jan ƙarfe ba, kuma mafi yawansu a kulle. Hantar mai cutar kuwa tana iya tara ninki biyar ko goma na abin da ya kamata, har fiye. A farkon magani fitsarin yini guda yana iya fitar da miligiram ɗaya ko fiye. Jini yana raguwa, hanta da sauran gaɓoɓi su sake zubo wani, magani ya kwashe, haka dai kamar mai kwarfar rijiyar da ke tsattsafowa. Watanni shida zuwa shekara ɗaya sukan wuce kafin a ga sauƙi sosai, alamomin ƙwaƙwalwa kuma suna iya ci gaba da gyaruwa har shekara biyu ko uku.

Akwai hanya ta uku, kuma daga makiyaya aka koye ta. A yankin Somerset na Ingila an daɗe da sanin wasu makiyayu da ke sa shanu zawo da ramewa, gashinsu ya koɗe. A ƙarshen shekarun 1930 aka gano cewa ciyawar tana da sinadarin molibdenum da yawa, wanda ke haɗuwa da sulfa a tumbin dabba ya hana ta amfana da jan ƙarfe. Daga nan aka samo tetrathiomolybdate. Shi ba ya ƙwace ƙarfen daga albumin. Yana ɗaure su ne su uku wuri guda, shi da ƙarfen da albumin, ta yadda ƙarfen ba ya iya shiga ƙwayoyin jiki. Gwajin jini zai nuna jan ƙarfe ya ƙaru, alhali wanda ke iya cutarwa ya ragu. Har yanzu maganin bai zama na yau da kullum ba. Kamfanin AstraZeneca ya dakatar da aikin wani nau'insa a 2023 bayan gwaje-gwaje masu yawa.

Zink, wanda wasu ke kira tutiya, ana haɗa shi da waɗannan magunguna a magana, amma ba ya damƙe komai. Yana sa ƙwayoyin bangon hanji su ƙera wani furotin mai suna metallothionein, wanda ke tsare jan ƙarfen abinci tun a bakin ƙofa. Bayan 'yan kwanaki ƙwayoyin su tsufa su zube, su tafi da ƙarfen cikin bayan gida.

Cutar Wilson

Babban dalilin amfani da waɗannan magunguna shi ne cutar Wilson, maladie de Wilson a Faransanci. Likitan jijiyoyi Samuel Alexander Kinnier Wilson ya bayyana ta a Landan a 1912, bayan ya ga matasa masu karkarwa da taurin jiki waɗanda aka samu hantarsu ta lalace bayan sun rasu. A 1948 John Cumings ya tabbatar da cewa jan ƙarfe ne ke taruwa a hanta da ƙwaƙwalwarsu. A 1993 aka gano ƙwayar gadon da ke da alhaki, ATP7B. Ita ce ke ƙera famfon da ke tura jan ƙarfe cikin ruwan madaciya, ita ce kuma ke ɗora shi a kan seruloplasmin. Shi ya sa mai cutar yake da abin mamaki a gwajinsa: hanta cike da ƙarfe, seruloplasmin kuma ƙasa, har jimillar jan ƙarfen jininsa tana iya zama ƙasa da ta mai lafiya.

Ana ƙiyasta mutum ɗaya cikin 30,000 yana da cutar, ɗaya cikin kusan 90 kuma yana ɗauke da ƙwayar ba tare da ciwo ba. Yadda ake gadonta daidai yake da na sikila. Sai uwa da uba duka suna ɗauke da ita, sannan kowane ciki yana da hatsarin ɗaya cikin huɗu. Auren zumunta, wanda ya zama ruwan dare a gidajenmu daga Katsina har Kumasi, yana ƙara yiwuwar masu ɗauke da ƙwaya iri ɗaya su haɗu. Wannan ba dalilin zargin kowa ba ne. Amfaninsa shi ne idan aka samu yaro ɗaya da cutar, a gwada duk 'yan uwansa na ciki ɗaya, ko da suna wasa lafiya lau, domin wanda aka fara wa magani kafin alamomi su fito yana iya rayuwa ba tare da sun taɓa fitowa ba.

Alamomin sukan bayyana tsakanin shekara 5 zuwa 35. A yara hanta ce kan fara: idanu su yi rawaya, ciki ya kumbura, saifa ta girma, gajiya ta yi yawa. A samari da 'yan mata kuwa ƙwaƙwalwa ce kan ja hankali. Rubutun ɗalibi ya lalace, hannu ya riƙa rawa, magana ta sarƙe, miyau ya riƙa dalala, hali ya canza, yaron da aka sani da natsuwa ya zama mai saurin fushi ko ya janye daga mutane.

A nan ne ake yawan ɓata lokaci. Ciwon hanta na B ya yi yawa a Afirka ta Yamma, saboda haka shi ake fara zargi, kuma daidai ne. Amma idan gwajin B da na C suka fito babu, kuma hantar matashi tana ci gaba da lalacewa, iyaye suna da haƙƙin tambayar likita ko an duba jan ƙarfe. Alamomin ƙwaƙwalwa kuma su ake kaiwa wajen masu ruƙiyya da masu magani, a ce sammu ne ko iskoki. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, kuma matashin da ya haɗa ciwon hanta da rawar hannu ya kamata likita ya gan shi tun makon farko.

Gwajin farko bai da tsada kamar yadda ake tsammani. Jan ƙarfe yana kwanciya a gefen baƙin ido ya yi zobe mai launin ƙasa-ƙasa ko kore, wanda ake kira zoben Kayser-Fleischer, da sunan likitocin Jamus biyu da suka bayyana shi a 1902 da 1903. A idon baƙar fata ba a cika ganinsa haka kawai ba, sai da fitilar likitan ido ta musamman. Kusan duk mai alamomin ƙwaƙwalwa yana da zoben, amma kusan rabin masu ciwon hanta kaɗai ba su da shi, saboda haka rashinsa bai wanke mutum ba. Ana haɗawa da gwajin seruloplasmin, wanda a mai lafiya yakan kai miligiram 20 ko fiye a desilita, da kuma fitsarin awa 24. Mai lafiya yana fitar da ƙasa da mikirogiram 40 a yini, mai cutar da alamomi suka bayyana yakan wuce 100. Mazaunin Nima ko Maamobi zai fara ne daga asibitin unguwa, kamar Babban Asibitin Maamobi, ya karɓi takardar turawa zuwa babban asibiti irin Korle Bu, inda likitocin hanta da na jijiyoyi da na ido suke wuri ɗaya.

Daga makamin yaƙi zuwa ƙwayar sha

Maganin farko bai fito domin wannan cuta ba. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ƙungiyar Rudolph Peters a Oxford ta haɗa dimercaprol, wanda aka fi sani da BAL, domin kare sojoji daga iskar guba mai arsenik. A 1951 aka gwada shi a kan masu cutar Wilson, wasu suka samu sauƙi, amma allura ce mai zafi da ake yi cikin tsoka, kuma amfaninta yana raguwa da maimaici.

John Walshe, likitan Ingila da ke aiki a Boston a lokacin, ya taɓa lura da wani sinadari a fitsarin marasa lafiya da aka bai wa penisilin. Ya ga tsarinsa yana da sulfa da naitirojin a wuraren da za su iya kama jan ƙarfe. Ya fara sha da kansa domin ya tabbatar ba guba ba ne, sannan ya bai wa marasa lafiya, ya wallafa sakamakon a 1956. Wannan shi ne penicillamine. A 1969 shi ne kuma ya kawo trientine domin waɗanda jikinsu ya ƙi na farko. Walshe ya rasu a 2022 yana da shekara 102. Kamar sunan kada ta ruɗi kowa: penicillamine ba ya kashe ƙwayoyin cuta, kuma penisilin ko amfisilin da ake saye a kemis ba sa fitar da jan ƙarfe.

Shan maganin yana da ƙa'idoji masu tsauri. Baligi yakan sha tsakanin miligiram 750 zuwa 1,500 na penicillamine a rana, a rarrabe, kuma ciki babu abinci, awa ɗaya kafin ci ko awa biyu bayansa, domin abinci yana rage abin da jiki ke tsotsa. Ana haɗa shi da bitamin B6. Ba a shan sa lokaci ɗaya da zink ko ƙwayar ƙarin jini, domin zai kama su a hanji ya bar aikin da aka aike shi. Ana farawa da kaɗan a riƙa ƙarawa a hankali. Dalili shi ne taso da ƙarfen da aka ambata: idan aka tayar da shi da yawa lokaci guda, wani yana isa ƙwaƙwalwa kafin ƙoda ta fitar da shi, sai alamomin su tsananta, a wasu ma ba sa komawa yadda suke. Maganin yana iya jawo zazzaɓi da ƙuraje, ya taɓa ƙoda har furotin ya fito a fitsari, ko ya danne ɓargo ƙwayoyin jini su ragu, shi ya sa ake gwajin jini da fitsari a kai a kai. Kusan mutum uku cikin goma sukan koma wani maganin saboda waɗannan matsaloli.

Babban hatsari shi ne dainawa. Mutum ya sha shekara biyu, ya ji garau, kuɗi ya yi wuya, ya ajiye. Wani rahoto daga New York a 1987 ya bi mutum 11 da suka daina penicillamine. Takwas sun rasu, a matsakaicin lokacin da bai kai shekara uku ba. Maganin na tsawon rai ne. Mai juna biyu ba ta dainawa, likita ne zai daidaita mata adadi. Mai azumi ya zauna da likitansa kafin Ramadan su tsara lokutan sha tsakanin buɗa baki da sahur. Ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Accra da Lome da Yamai ya tafi da isasshen magani da takardar likita, domin ba kowane kantin magani ke da shi ba. Penicillamine yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, trientine kuwa yana da tsada da wuyar samu. A Amurka kanta farashin ƙwaya 100 na wani nau'insa ya tashi daga ƙasa da dala 700 a 2010 zuwa sama da dala 21,000 a 2015.

Game da abinci, abin da ake hanawa, musamman a shekarar farko, shi ne hanta, ko a miya ko a tsire, da ƙaguwa da jatan lande da danginsu. Ana rage gyaɗa da ƙuliƙuli da kashu da cakulan. Ƙauracewa abinci kaɗai ba ta maganin cutar.

Agbogbloshie, Zamfara, da batun dalma

Shekaru da yawa filin Agbogbloshie, a gefen kogin Odaw kusa da tafkin Korle, shi ne babbar cibiyar 'yan gwangwan a Accra. Samari, yawancinsu daga arewacin Ghana, suna ƙona tarin wayoyi domin su raba jan ƙarfe da roba. Hukumomin yankin Greater Accra sun rushe filin a watan Yulin 2021, amma sana'ar ba ta mutu ba, ta watsu ne zuwa wasu unguwanni da bayan gidaje. Masu bincike daga Jami'ar Ghana da Jami'ar Michigan da wasu sun auna ƙasar wurin da jini da fitsarin ma'aikata, kuma ƙasar tana ɗauke da jan ƙarfe da dalma masu yawa.

Mai ƙona waya zai iya tambaya ko yana buƙatar maganin fitar da jan ƙarfe. A mafi yawan lokuta amsar a'a ce, domin lafiyayyar hanta tana zubar da rara. Abin tsoro a hayaƙin da ƙurar shi ne dalma da kadmiyam da gubar robar da ta ƙone. Jiki ba ya da wani amfani da dalma, ba ya kuma da hanyar fitar da ita da sauri. Tana shiga jajayen ƙwayoyin jini, sannan ta kwanta a ƙashi shekara da shekaru. Uba yana kai ta gida a riga da takalmi, yaro mai rarrafe ya kai ta baki. Wani kwallin da ake saye a kasuwa, wanda ake sa wa jarirai, daga dutsen dalma ake niƙa shi.

Babban darasin ƙasar Hausa a wannan fanni daga Zamfara ya zo. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano yara suna mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, inda ake niƙa dutsen zinariya mai dalma a cikin gidaje. Kimanin yara 400 suka rasu. Jinin wasu ya wuce iyakar abin da na'urar gwajin hannu ke iya aunawa, wato mikirogiram 65 a desilita. An yi wa dubban yara magani da succimer, mai damƙe ƙarfe da sulfa biyu, wanda ake sha ta baki, zagaye ɗaya yakan ɗauki kwana 19. Ma'aunin fara shi ga yaro shi ne mikirogiram 45 a desilita. Likitocin sun dage cewa sai an kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga gidaje tukuna, domin yaron da aka yi wa magani ya koma cikin ƙurar zai sake cika. Saboda haka yaran Bagega suka jira har 2013, lokacin da aka share garin. A 2015 irin wannan ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Succimer yana ceton rai, amma ba ya mayar da abin da dalma ta riga ta ɓata a ƙwaƙwalwar yaro.

Kowane ƙarfe da nasa awartaki. Mai sikila da aka yi wa ƙarin jini sau da yawa yana iya tara sinadarin ƙarfe, kuma deferoxamine ko deferasirox ake ba shi. Ba a musanya su da na jan ƙarfe.

Gubar jan ƙarfe ta gaggawa tana faruwa, ko da yake ba ta da yawa. Shuɗin gishirin nan na kofa salfet, da magungunan feshin koko da kayan lambu masu jan ƙarfe, idan aka haɗiye su suna ƙona ciki, su jawo amai mai launin shuɗi ko kore, su fasa jajayen ƙwayoyin jini, su taɓa hanta da ƙoda. Wanda ya sha a garzaya da shi asibiti tare da kwalbar ko ledar, ba tare da an tilasta masa amai ko an ɗura masa manja ba. A Indiya an taɓa fama da wata cutar hanta ta yara da aka danganta da tafasa madara da ajiye ta a tukwanen tagulla, kuma ta ragu ƙwarai da aka sauya tukwane. Kwanon tagulla na ado da munduwar jan ƙarfe ba sa cutarwa, amma ba a ajiye nono ko abu mai tsami a cikin tagullar da ba a shafe cikinta ba.

Masu tallan wanke jini

A motocin haya da shafukan WhatsApp da TikTok ana tallan ruwan magani da shayi da ƙarin ruwa na jijiya da aka ce suna fitar da "ƙarfe mai guba" daga jiki. Mai damƙe ƙarfe na gaskiya ba ya tantance abokin gaba da kyau. Yana tafiya da zink, yana tafiya da jan ƙarfen da jiki ke buƙata, wani ma da kalsiyam. Mutumin da jan ƙarfensa ya yi ƙasa yana samun ƙarancin jini, fararen ƙwayoyin jini su ragu, ƙafafu su mutu, tafiya ta gagara. Har zink ɗin da aka sha da yawa na tsawon watanni yana jawo hakan. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton mutum uku, biyu daga cikinsu yara, da suka mutu tsakanin 2003 da 2005 bayan an yi musu ƙarin ruwa da EDTA, kalsiyam ɗin jininsu ya faɗi, zuciya ta tsaya.

Akwai kuma wata dabara da ya kamata a sani. A bai wa mutum mai damƙe ƙarfe, a auna fitsarinsa bayan 'yan awanni, a nuna masa lamba mai girma a ce ga guba. Kowane mai lafiya zai fitar da ƙarfe fiye da kima idan an ba shi irin wannan magani, saboda haka lambar ba ta nuna ciwo. Gubar dalma da gwajin jini ake tabbatar da ita. Cutar Wilson kuma sai an haɗa gwajin ido da na seruloplasmin da na fitsarin awa 24 da aka tara a roba mai tsabta wadda ɗakin gwaji ya bayar, wani lokaci har da ɗan yankin hanta ko gwajin ƙwayar gado. Duk maganin da za a saya a Ghana a duba lambar rajistar Hukumar Abinci da Magunguna ta ƙasar a jikinsa, a Najeriya kuma ta NAFDAC.